Kuɗin ƙofa: don me Inna za ta biya lilon da ba ta hau ba?

Washegarin ƙaramar Sallar da ta wuce, bayan la'asar, na rufe shago na kwashi iyali zuwa wurin wasan yara da aka kafa a wani fili a gefen garin Tamanrasat. Irin waɗanda ake ɗaukowa daga arewa a manyan motoci ne, a kafa ƙarafa sati biyu ko uku, a kwance a yi gaba. Mutanen nan manej suke ce masa. Akwai dawakan roba masu zagaye, akwai motocin karo, da wani ɗan jirgin ƙasa da ke yawo yana busa. Mu tara ne: ni, da uwargida da goyonta, da yara biyar, sai Inna, ƙanwar mahaifiyata, wadda ta zo daga Tasawa neman maganin ido.

A bakin ƙofa saurayin da ke yanka tikiti ya ƙirga mu da yatsa, ya ce dinari 500 kowane kai, wato abin da ake kira hamsin alif a lissafin nan. Goyo ne kaɗai aka yafe wa. In ka shiga, ka hau duk abin da kake so. Na ce masa biyar ne masu hawa, mu ukun rakiya muka yi. Ya ce: "Ya Hajji, ƙa'idar ke nan, kowa ya biya."

Inna ta jawo hannun rigata. "Ɗan nan, me yaron ke cewa?" Na fassara mata. Ta dubi dawakan nan suna juyi, ta ce: "Ni da rabona da hawan jaki tun ba a haife ka ba, ni zan biya kuɗin dokin roba? Shimfiɗa mini tabarma a nan waje."

Haka aka yi. Na biya wa yara da ni kaina, dinari 3,000, Inna da uwargida suka zauna a gindin waya. Ba su kaɗai ba ne. Mata ne jere a jikin shingen, namu da na Mali da Abzinawan gari, kowace ta manna fuska tana neman nata a cikin taro. A ciki kuwa na ga yarinya wadda ba ta wuce shekara 12 ba tana jan ƙanne huɗu. Wajen magariba wani yaro ɗan shekara biyar ya tsaya kusa da injin wuta yana kuka yana kiran uwarsa da Hausa. Na ɗauke shi muka bi shinge har muka same ta. Ta daɗe tana hango shi tana kira, ƙarar kiɗa ta hana ya ji, mai ƙofa kuma ya ce sai ta yanki tikiti.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, ba dinari 1,000 ɗin da na ƙi biya ba. Wanda ke zaune a garin nan ya san ɓatan yaro a taro ba ƙaramin abu ba ne gare mu. Da yawa cikinmu takardunsu ba su cika ba, kuma kowa ya san motocin da ke kwasar mutane zuwa iyaka wajen In Gezam da Asamaka. Uwar da ɗanta ya ɓace sai ta yi tunani sau biyu kafin ta doshi ofishin 'yan sanda. To tsarin kuɗin da ke barin uwa a waje ya tura yaro ciki shi kaɗai, a wurina ya wuce maganar tsada.

Amma ni ɗan kasuwa ne, ba zan yi kamar ban san zafin jari ba. Daga Alje zuwa nan kusan kilomita 2,000 ne, kuma duk ƙarfen da ke filin nan a bayan mota ya zo. Ga man inji, ga masu gadi, ga kuɗin fili, ga ruwa da bayan gida, ga ƙura da ke cin injuna. Wanda ya shiga bai hau komai ba, ai ya zauna a kujera, ya sha hasken fitila, ya shiga bayan gida. Ban ce a bar shi kyauta ba. Tambayata ita ce: nawa ne kuɗin zama, nawa ne kuɗin hawa, kuma don me za a ɗaure su a ƙulli guda?

A gidan zoo na Audu Bako a Kano, ko gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai inda ake ajiye namun daji, ba wanda ke gardamar kuɗin ƙofa, domin kallon shi ne hajar. Tsohuwa da jikanta zaki ɗaya suke gani. A manej kuwa hajar ita ce hawa. A kasuwar Asihar mutum na iya yini yana taya atamfa, a ce masa albarka, ya wuce, ba wanda zai bi shi kuɗin gani.

Babban ɗana, mai karatun tattalin arziki, shi ya nuna mini cewa rigimar nan ta girme ni. Da aka buɗe Disneyland a Amurka a 1955, dala ɗaya babba ke biya a ƙofa, sa'an nan kowane abin hawa da kuɗinsa daban. Daga baya suka fito da ɗan littafin tikiti mai haruffa, har zuwa harafin E na manyan abubuwa a 1959. Sai a 1982 suka soke wannan suka koma kuɗi ɗaya a ƙofa, ka hau ko kar ka hau. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga mai shago: ka rage masu karɓar tikiti a kowane lungu, kuma kuɗinka ya shiga aljihu tun mutum bai taka ciki ba. Wani masani mai suna Walter Oi ya yi rubutu a kan haka a 1971. Yadda na fahimta, cewa ya yi mai wurin da ba shi da abokin gasa ya fi cin riba in ya ɗora nauyin a ƙofa ya sauƙaƙa hawa, amma lissafin yana tafiya sumul ne kawai idan masu shiga duk sha'awarsu ɗaya. Da zarar sun bambanta, kuɗin ƙofa mai nauyi zai kori wasu. Na ce wa ɗana: ka gaya wa Baturen, waɗanda ake kora ɗin na gan su, suna gindin waya a kan tabarma.

Kuma ba duk duniya ce ta bi Disney ba. A Biyana ta ƙasar Ostiriya, filin Prater shiga kyauta ne, abin da ka hau shi kake biya. Tivoli na Kopenhagen, wanda ke nan tun 1843, yana karɓar kuɗin shiga daban, na hawa daban, kuma har yau bai rufe ba.

Gidajenmu ma ba irin nasu ba ne. Wanda ya ƙirƙiro kuɗi ɗaya yana lissafi ne da miji da mata da 'ya'ya biyu. Mu kuwa in an ce fita Sallah, akwai kaka, akwai mai ciki, akwai mai goyo, akwai baƙon da ya sauka jiya daga Agadas wanda kunya ba za ta bari ka bar shi a gida ba. Rabin ayarin ba mai hawa. Kuma waɗannan da ba sa hawa su ne masu sayen lemo da gyaɗa da alawar auduga, su ne masu riƙe takalma, masu raba faɗa, masu hana yaro zura hannu a inji. Aikin da mai wurin zai ɗauki ma'aikaci ya biya shi, kaka tana yi masa a banza, sa'an nan a ce ta biya kamar mai hawa.

A rana ta uku na koma ni kaɗai, na nemi mai wurin. Dattijo ne mai fara'a, ya sa aka kawo shayi. Na faɗa masa abin da na gani. Ya ce ya taɓa gwada buɗe ƙofa a wani gari, samari marasa aikin yi suka cika filin suna damun mata, iyalai suka daina zuwa. Ya ce kuma babba zai rantse ba zai hau ba, an jima ka gan shi a motar karo yana dariya. Duka biyun gaskiya ne, na biyun ma na ga irinsa da idona.

Na ce masa: "Alhaji, to a raba. Mai hawa a ɗaura masa zare a hannu ya biya 500 ɗinsa. Mai rakiya ya biya 100, ba zare, ba hawa. Wanda ya zo ba yaro a hannunsa ya biya cikakke, ka ga samarinka sun ragu. Tsofaffi kuwa a bar su su wuce." Na ƙara da lissafin da ya fi shiga kunnen ɗan kasuwa: a daren nan na ƙirga mata fiye da 30 a jikin shingensa, ba wadda ta ba shi ko dinari ɗaya, kuma mai gyaɗar da ke waje shi ya kwashe cinikinsu. Ya yi shiru yana juya kofi, ya ce zare ma kuɗi ne. Na ce ina sayar da shi a shagona, ƙulli guda zai ishe shi sati. Ya yi dariya, ya ce zai duba kafin babbar Sallah, in Allah ya dawo da shi kudu.

Ga 'yan'uwa masu niyyar kai yara irin wuraren nan, ku aika a tambayo tsarin ƙofa tun kafin a fito, kar a yi ta ciniki a gaban yara sun riga sun ga fitilu. In kuɗin bai kai kowa ya shiga ba, a rage yawan hawa ko a raba yaran kwana biyu, amma babba ɗaya ya shiga da su. A rubuta lambar waya a takarda a sa wa ƙanana a aljihu, a kuma nuna musu wurin da za a haɗu in an rabu. In muna da yawa, mu haɗa kai gida biyar ko shida mu je wa mai wurin tare, domin an fi sauraron mai sayen sari.

Inna ta koma Tasawa bayan an yi mata aikin ido. Da muka yi waya makon jiya ta tambaye ni ko mai dokin roban ya dawo. Na ce tukuna. Ta ce in ya dawo in gaya masa yanzu tana gani sarai, dinari 100 za ta biya, kuma kujera take so kusa da jirgin ƙasan nan.