Hayaniyar Unguwa a Jos: Kuka Ma Yana Da Wa'adi

Da yawa daga cikin 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal sun bar iyali a Jos, wasu a Gangare, wasu a Dilimi ko Unguwar Rogo. Idan aka buga waya gida, ba wuya a ji uwargida ko tsohuwa tana kukan rashin barci: ko injin niƙa ne aka kafa jikin katanga, ko janareto, ko lasifikar mashaya har tsakar dare. An kai ƙara ƙaramar hukuma, an ce za a turo ma'aikatan duba-gari, shiru kake ji. Maigida kuwa sai ya ce a yi haƙuri sai ya zo hutun Salla. To, a nan ne ake yin asara, domin doka ba ta jiran Salla.

Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi, irin su Jos ta Arewa da Jos ta Kudu mai hedkwata a Bukuru, alhakin kula da kantuna da gidajen abinci da gidajen burodi da ba da lasin sayar da giya. Gwamnatin Tarayya kuma ta kafa hukumar NESREA a 2007, aka fitar da ƙa'idojin hana hayaniya a 2009. Watau dokoki ba su yi ƙaranci ba. Abin tambaya shi ne, ina talaka zai dosa idan hukumar da ya kai wa kuka ta yi kunnen uwar shegu?

Akwai Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, wadda gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa da dokar soja mai lamba 31 ta 1975. Tana da kwamishina a kowace jiha, har da Filato, kuma ba a biyan ko kwabo. Ba mai injin niƙa za ta bincika ba, a'a, ma'aikatan da suka ƙi yin aikinsu. Amma dokarta ta hana ta taɓa maganar da aka kawo bayan wata 12 da faruwar abin. Mai karatu ya lura da wannan da kyau: lissafin yana somawa ne daga ranar da abin ya auku, ba daga ranar da maigida ya ji labari a Ikko ba. Har a Ingila ma mai sauraron koke-koke a kan ƙananan hukumomi wata 12 yake bayarwa, sai dai can daga ranar da mutum ya sani ake ƙirgawa.

Har wa yau dokar ta ce sai mai kuka ya fara bin sauran hanyoyin da ke akwai, kuma sai abin ya shafe shi shi kansa. Wannan shi ne tarkon. Mutum yana ta safa da marwa tsakanin ofis da ofis don ya cika sharaɗin farko, watanni kuwa suna ta wucewa. Ga shi kuma hukumar shawara kurum take bayarwa, ba ta yanke hukunci kamar alƙali.

Wanda ya zaɓi kotu, nasa wa'adin ya fi gajarta. Dokar kare ma'aikatan gwamnati wata 3 kacal ta bayar a shigar da ƙara, kuma Kotun Ƙoli ta yanke a 1998 cewa kariyar ta haɗa da hukumomi, ba ma'aikata kaɗai ba. Gaskiya ne dokar ta ce idan cutarwar tana ci gaba, ana ƙirgawa daga ranar da ta tsaya, amma lauyoyi sun daɗe suna ja-in-ja a kan ma'anar wannan, bai kamata mutum ya jingina da shi ba.

Kukan baki ga kansila ko mai unguwa yana da amfaninsa wajen sulhu, sai dai ba ya barin shaida. A rubuta takarda da kwanan wata, da sunan wanda ke kwana a gidan ko na mai gidan, a kai sakatariya, a sa a buga hatimi a kan kwafi, a adana shi. A riƙa rubuta ranakun da hayaniyar ta hana barci. Idan wata biyu suka shuɗe babu amsa, a ɗauki kwafin nan a nufi ofishin Hukumar Sauraron Koke-koke da ke Jos, ko da maigida bai iso ba.