Kumburin Muƙamuƙin da Ba Hangum Ba Ne

Daga cikin cututtukan da ke kama yara a ƙasashenmu masu sauro, akwai wata sankara ta kaluluwa wadda idan ta sauka a muƙamuƙin yaro ɗan shekara shida ko bakwai, sai kuncinsa ya tashi gefe guda, haƙoransa su soma girgiɗa, har uwa a Kusugu ko wani ƙauyen ƙasar Daura ta zaci hangum ne ko ciwon haƙori, ta nufi wanzami, alhali kuwa ƙarin nan yana iya ninka girmansa cikin kwana ɗaya ko biyu. Likita Denis Burkitt ne ya fara siffanta ta a Kampala ta Yuganda a 1958, shi ya sa take ɗauke da sunansa, kuma masana sun tabbatar tana da alaƙa da zazzaɓin cizon sauro da wata ƙwayar cuta da aka gano a 1964.

Abin mamaki, kuma abin godiya ga Allah, saurin nan nata shi ne lagonta, domin magungunan sankara sun fi cin ƙwayoyin da ke gaggawar hayayyafa. Tun shekarun 1960 Farfesa Victor Ngu ya shaida haka a asibitin jami'a na Ibadan, inda kumburin yara ya riƙa sacewa bayan allura.

Daga bisani aka samu rituximab, wanda Amurka ta halatta a 1997. Shi garkuwar jiki ce da aka ƙera a ɗakin bincike, ba ya bugun kan mai uwa da wabi, sai dai ya nemi wata alama mai suna CD20 a jikin ƙwayoyin da cutar ta fito daga jinsinsu, ya manne mata, ya jawo dakarun jiki su hallaka su. Da aka gwama shi da magungunan farko, a wani bincike na ƙasashe da dama da aka wallafa a 2020, yara 94 cikin 100 suka kai shekara uku cutar ba ta komo ba, a maimakon 82 na waɗanda ba a ba su shi ba. A ganina wannan hujja ce da ba ta bar wurin jayayya ba.

Amma fa waɗancan yara an yi musu magani ne ga jini a tanade, ga maganin ƙwayoyin cuta, domin haɗin yana raunana garkuwa, har ma wajibi ne a auna ciwon hanta kafin a fara. Mu kuwa tsadar rituximab ta fi ƙarfin manomi, ko da yake Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin magungunan tilas tun 2015, kuma samar da shi, a fahimtata, farali ne na kifaya a wuyan hukuma da mawadata.

Ya ku iyaye, kumburin da ke ƙaruwa kullum ba ya sacewa, kada a tsaga shi, kada a jira kaka. A kai yaron asibitin Daura, a nemi takardar turawa zuwa asibitin koyarwa na Katsina, ko na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya.