Littafin Da Ya Zama Jagaba A Duwatsun Amurka

Masu karatu su sani, a yammacin ƙasar Amurka, cikin jihar Kalifoniya, akwai jerin duwatsu masu tsananin tsawo da ake kira Sierra Nevada. Hukuma ta keɓe manyan gandaye a cikinsu, watau Yosemite da Kings Canyon da Sequoia, ta hana noma da saran itace da farauta. Wata hanyar ƙafa ta ratsa su, tsawonta mil 211, daga kwarin Yosemite har ƙolin dutsen Whitney, wanda ya ɗara bakin teku da ƙafa 14,505. An fara gyaranta a 1915, aka gama a 1938, aka sa mata sunan John Muir, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kira a kiyaye waɗannan duwatsu.

Mutane kan bi ta da ƙafa, kowa da guzurinsa da shimfiɗarsa a baya, su yi wajen mako uku a daji, ba don ciniki ba, sai don kallo da hutun zuciya. Fataken da suka san tafiyar Gwanja sun san ayari ba ya tashi sai da jagaba wanda ya san zango da mashaya da mashigin kogi. Su waɗannan matafiya, littafi ne jagabansu.

Asalin mashahurin littafin wannan hanya kuwa, wani saurayi ne lauya, Walter Starr ƙarami, na birnin San Francisco. Duk sa'ad da ya sami hutu sai ya shiga duwatsu, yawanci shi kaɗai, yana auna nisa, yana rubuta abin da ya gani: mil nawa ne daga wannan mararraba zuwa waccan, tsayin kowane mashigin dutse, inda ya dace a kwana, da inda alfadarai za su sami ciyawa. Amfanin haka a bayyane yake. Wanda ya san nisa ya san yawan abincin da zai ɗauka, wanda ya san tsayin mashigi ya san zai iske ƙanƙara a kansa ko da rani ya shigo, sai ya yi sammako ko ya jinkirta.

A watan Agusta na 1933, kafin ya kammala aikin, ya tafi hawan wasu tsaunuka masu tsini da Turawa suka kamanta da hasumiyoyi, bai komo ba. Mahaifinsa ya tara gwanayen hawa suka yi ta nema har suka gaji suka koma. Mutum ɗaya, Norman Clyde, ya ƙi tafiya, ya zauna shi kaɗai yana bin tsaunukan ɗaya ɗaya, har ya hango gawar bisa wani dandamalin dutse inda ya faɗo. Nan aka binne shi. Shekararsa 30.

Uban ya tattara takardun ɗansa, ya cike abin da ya saura, ƙungiyar Sierra Club ta buga littafin a 1934. Aka yi ta gyara shi ana sake bugawa shekaru da yawa, har wasu littattafai suka biyo bayansa da taswira mafi kyau.

A nan akwai abin lura ga mai ilimi da mai fatauci. Mutumin da ya fi kowa sanin hanyar, saninsa ya tsirar da dubban da bai taɓa gani ba, amma bai tsirar da shi ba ranar da ya hau shi kaɗai. Littafi yana faɗin inda mashigi yake, ba ya faɗin ko kogi ya kawo yau, domin ƙanƙarar bana dabam take da ta bara. Saboda haka gwanayen wannan tafiya suke yi wa baƙo gargaɗi uku: ya nemi bugun ƙarshe na littafin, ya karɓi takardar izni wurin masu tsaron gandu ya tambaye su halin hanya, sa'an nan ya bar wa wani labarin inda ya nufa da ranar komowarsa. Tammat.