Na'urar nuna hanya: wacce ta dace da dattawanmu?

A Kore Mairuwa, bisa babbar hanyar ƙasa ta 1 da ta taso daga Yamai ta bi ta Doso ta nufi Dogondutsi, akwai dattawan da suka fara jan mota tun ba a haifi ƴaƴansu ba. Yau ido ya yi rauni, birane kuma sun faɗaɗa, har wanda ya san Yamai a da yakan rasa hanyar asibiti. Shi ya sa waɗansu ƴaƴa ke sayo wa iyayensu na'urar nuna hanya, wadda ake kira GPS. Niyyar mai kyau ce, amma zaɓen yana son hankali.

Sojojin Amurka ne suka ƙago wannan tsari. Sun harba tauraron ɗan Adam na farko a 1978, aikin ya kammala a 1995 da taurari 24, masu kewaya duniya a nisan wajen kilomita 20.000. Na'urar tana sauraren aƙalla huɗu daga cikinsu, sannan ta gane inda mota take. Wannan kyauta ne, ba ya bukatar intanet. Taswira ce ke bukatarsa, in ba a riga an zuba ta a ciki ba.

To, ga sharaɗi na farko: a zaɓi wadda taswirar Nijar ke cikinta. Ko ta Garmin ce, ko salula mai Google Maps, a sauke taswirar tun a gida, domin layin waya yakan yanke a daji.

Na biyu, allo ya zama babba, rubutu manya, murya mai ƙarfi. Galibin na'urorin Faransanci ko Ingilishi suke yi, don haka kibiyar da ke nuna dama da hagu ta fito sosai.

Na uku shi ne mafi muhimmanci: kada a bar dattijo da rubuta sunan gari. Taswira tana bin rubutun Faransanci, inda Dogondutsi ya zama Dogondoutchi, Kore Mairuwa kuma Koré Maïroua. Ban da haka, Tibiri biyu ne a ƙasarmu: namu na jahar Doso, wanda ya zama gunduma a 2011, da Tibirin Gobir kusa da Maradi. Wanda ya taɓa na biyu bisa kuskure, na'urar za ta ja shi gabas fiye da kilomita 300 ba tare da ta yi gardama ba. Wajibi ne ɗa ya zauna ya adana wuraren da baba ke zuwa, gida da asibiti da kasuwa da gidajen dangi, ta yadda taɓawa ɗaya ta isa. Sannan su yi tafiyar gwaji tare a hanyar da tsohon ya sani, ya ga gaskiyarta da idonsa.

A kuma tuna na'ura ba ta san damina ba. Ba ta san ƙorama ta kawo ruwa ba, ba ta san inda rairayin Dallol Mawri ke riƙe mota ba. Wannan sani yana wajen dattawan da mutanen ƙauyukan bakin hanya. In maganar na'ura ta saɓa wa tasu, a tsaya a yi sallama a tambaya, gama matambayi ba ya ɓata.

Allah ya kai kowa gida lafiya.