Wani Hoton Gidan Giya na Ƙasar Holan

Ina so in ba ku labarin wani hoto da wani gwanin zane na ƙasar Holan, mai suna Jan Steen, ya yi da fentin mai wajen shekarar 1665. Yana ajiye a gidan hotuna na Mauritshuis, a birnin Heg. Ana kiransa Rayuwar Ɗan Adam.

In ka dubi hoton, sai ka ga wani babban ɗaki na gidan giya cike da jama'a, maza da mata, tsofaffi da yara. Waɗansu na sha, waɗansu na caca, waɗansu na cin kawa, watau naman nan na cikin ɓawo da a ke samu a teku. A tsakiya ga wani dattijo yana miƙa wa wata mace kawa. Mutanen zamanin nan kuwa sun ɗauka kawa tana ta da sha'awa, saboda haka duk wanda ya ga hoton ya san abin da dattijon ke nufi. Ga yara nan kuma a tsakaninsu suna wasa, suna ganin kome.

To, amma ɗaga idonka sama. Can kusa da rufi, cikin duhu, akwai wani yaro kwance yana hura kumfar sabulu, ga ƙoƙon kan mutum kusa da shi. Ba wanda ya kula da shi cikin masu shagalin. Kumfa dai ta tashi da kyau, kafin ƙiftawar ido ta fashe; haka mai zanen ya kwatanta ran mutum. Ya kuma zana wani babban labule an ɗage shi sama, kamar a gidan wasan kwaikwayo, domin mai kallo ya tuna labulen da aka ɗage za a sake shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya ɓoye gargaɗin. Sai ka gama dariya tukuna sa'an nan ka gan shi. Ni a ganina bai ƙi mutanen nan ba, don ya san su ƙwarai. An haife shi a Leiden a 1626, ubansa mai dafa giya ne, shi ma ya riƙe gidan dafa giya a Delft, sa'an nan a 1672 ya buɗe mashayarsa a Leiden, shekara bakwai kafin rasuwarsa. Har yau in mutanen Holan suka ga gida a hargitse, sai su ce gidan Jan Steen ne.