Azurfa a ƙarƙashin dutse, ƙishirwa a bisansa

A kudancin ƙasar Maroko, inda duwatsun Atlas suka fuskanci hamadar Sahara, ƙasa na ɓoye da azurfa da jan ƙarfe. Tun zamanin ayarin Sijilmasa ake haƙo su, raƙuma suna ketaro hamada da su zuwa ƙasashen baƙar fata. A shekara ta 1964 masanin nan Bafaranshe, Théodore Monod, ya tono sandunan tagulla fiye da 2.000 da wani ayari ya binne cikin rairayin Muritaniya.

Haƙar zamani kuwa ta kamfanoni ce. Kamfanin Managem, wanda gidan sarautar Maroko ke da babban hannun jari a cikinsa, ya haƙi jan ƙarfe a Bleida da Akka, ya kuma yi bincike a Tizert. Amma babbar taskarsa tana Imiter, cikin duwatsun Saghro kusa da Tinghir, inda aka soma aiki a 1969. Tana cikin manyan mahaƙan azurfa na Afirka.

Sai dai azurfa ba ta rabuwa da dutse sai da ruwa. Ana niƙa dutsen ya zama gari, a dama shi da ruwa mai yawa, a zuba gubar siyanur don ta narkar da ƙarfen. Manoman wurin kuwa, Barbarawa ne, da magudanun ƙarƙashin ƙasa da ake kira khettara suke shayar da garakensu. Da kamfani ya yawaita rijiyoyi, suka ce magudanunsu na ƙafewa. Kamfani ya ɗora laifin a kan fari.

A watan Agusta na 2011 mutanen ƙauyukan suka hau dutsen Alebban, suka rufe bututun da ke kai ruwa mahaƙar, suka kafa bukkoki, maza da mata. An kame matasa da dama, an ɗaure su. Duk da haka ba su sauko ba sai a 2019, bayan shekara 8.

Mai karatu da ya san Arlit da Azelik ya san wannan magana. Kafin hukuma ta sa hannu a kan takardar izinin haƙa, ya kamata a auna ruwan da ke ƙasa, a rubuta rabon manomi da makiyayi. Ma'adini yana da ranar ƙarewa, alhali ƴaƴan wurin da jikokinsu a nan za su ci gaba da neman ruwan sha.