Yadda Ɗalibin Zane Zai Binciko Tarihin Gwanaye

Sanin kowa ne cewa a makarantun sakandare da ake koyar da zane-zane, malami yakan umarci ɗalibi ya zaɓi wani gwani, ya binciko tarihinsa da aikinsa, ya rubuta. To, ɗalibin da ke Ruwan Bago cikin ƙasar Rogo, ko wani ƙauye na Ƙaraye, yakan ɗauka aikin ya fi ƙarfinsa, tun da manyan ɗakunan karatu suna birni. Sai ya ari waya, ya kwafe abin da ya fara cin karo da shi a intanet, ya miƙa wa malami. Mai yin haka ko ya ci maki, ilmin ya wuce shi.

Abin da ya kamata ya fara yi shi ne tsara tambayoyinsa. Ina aka haifi gwanin, kuma a wane zamani? Wa ya koya masa? Da waɗanne kaya yake aiki? Mene ne ya bambanta hannunsa da na sauran?

Alal misali, a ɗauki Ladi Kwali, wadda hotonta yake bayan takardar naira 20. Ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya a garin Kwali. A 1954 ta shiga makarantar koyon tukwane ta Abuja, wadda wani Bature ɗan Ingila, Michael Cardew, ya kafa. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Amma a nan akwai tarko. Abujar wancan zamani ita ce Suleja ta yau, domin an ba sabon babban birnin tarayya sunan ne bayan shawarar 1976. Ɗalibin da ya dogara da marubuci ɗaya sai ya kai makarantar garin da ba a gina ba tukuna. Saboda haka tilas ne a gwada kowace shekara da kowane suna a wuri biyu ko uku.

Bugu da ƙari, Zariya ba ta da nisa da ƙasar Rogo, kuma tarihin zanen zamani na Nijeriya ba ya cika sai da ita. A can ne a 1958 wasu ɗaliban kwalejin fasaha, wadda ta zama tushen Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiyar masu zane. Cikinsu akwai Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Demas Nwoko. Manufarsu ita ce su haɗa dabarun da Turawa suka koya musu da zanen iyaye da kakanni. Har wa yau a Zariya ne Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarimu, cikin ƙarni na 19. Malamin da ya shirya wa ajinsa ziyara zuwa Sashen Zane-zane na jami'ar da Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim, ko zuwa Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa da marinar Ƙofar Mata a Kano, ya ba su abin da littafi ba zai ba su ba.

Duk da haka, gwani ba sai wanda sunansa ya shiga littafi ba. Maginin da ke fitar da dagi a goshin zaure, da mai ɗinkin aska takwas, da mai sassaƙa ƙwarya, da baduku, da maginiyar tukwane, duk masu fasaha ne. A nan ɗan ƙauye ya fi ɗan birni gata, domin suna kusa da shi. Sai ya nemi izinin iyayensa da na mai unguwa, ya je ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya bayyana abin da ya kawo shi. Ya tambayi sunan kowane zane da kowane makami, ya rubuta da bakin mai sana'ar, ya sa kwanan wata. Kada ya ɗauki hoto sai an yarje masa.

Bayan wannan sai ya zauna gaban aiki guda ɗaya, ya dube shi da kyau, ya kwaikwaye shi da fensir, domin hannu yakan gano abin da ido ya tsallake. Idan ya zo rubutu, ya rarrabe abin da ya karanta, da abin da aka faɗa masa, da ra'ayin kansa, ya kuma ambaci inda ya samo kowanne.

Daga ƙarshe, ya kyautu shugabannin makarantu da jami'an ilmi su riƙa adana irin waɗannan rubuce-rubuce maimakon a bar wa gara. Yawancin tsofaffin masu sana'a ba wanda ya taɓa rubuta tarihinsu, kuma kwano da siminti da roba suna ta ture ayyukansu. Mai yiwuwa ne 'yan shafukan da ɗalibi ya rubuta a Ruwan Bago su zama su kaɗai ne shaidar da za ta rage game da wani gwani. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.